Saniyar da Ta Kwanta Ba a Yi Mata Sannu

Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: in akwai wawa a cikin labarin nan, to ni ne. Ba likita ba ne, ba 'ya'yana ba ne, ba kuma 'yan uwana na Jahun ba ne, ko da yake su ma za su sha nasu kason in mun zo wurin. Ni ne dai, Malam Ado Direba na unguwar Takur a Dutse, mai furfura har a gira, wanda ya yi aji huɗu a firamare ya ga ilimin ya ishe shi, ya koma tasha. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace kada ya zargi biro. Na rubuta ne don tsofaffi irina, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tuƙa motar ma'aikata. A iya binciken da na yi a lokacin, Allah ya halicci ƙafa ne don taka birki da kuloci. Da na yi ritaya sai na sayi mashin. Masallacin unguwarmu, in liman ya yi tari ana ji daga zaurena, amma sai na tayar da mashin nake zuwa. Tumbi ya fito, na raɗa masa suna rufin asiri.

An daɗe da gaya mini ina da hawan jini. Wata ma'aikaciya a ƙaramin asibiti ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in rage gishiri, in riƙa taka ƙasa kullum ko na rabin awa ne. Na ce mata, "Yarinya, in aka ga dattijo kamata yana yawo a titi, ba saƙo ba kaya, cewa za a yi ko fansho ya tsaya ko kai ya taɓu." Ta yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka na ci gardama. Ƙwayoyin kuwa sai ranar da kai ya sara nake tunawa da su.

Ciwon bai zo mini a ɓoye ba, sallama ya yi ta yi ina ƙin amsawa. Ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. In na miƙe sai jiri. Hannun hagu kamar kiyashi na bin sa. Sau biyu makullin mashin yana suɓucewa daga yatsuna. Na kai ƙara majalisarmu ta gindin darbejiya, inda kowa likita ne. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce in sha zoɓo ba sukari, wani ya ce tafarnuwa, wani ya aiko mini wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Duk na yi. Asibiti ne kawai ban je ba, don a can ne za a sake yi mini zancen tafiya.

A nan sai in gabatar muku da matata, Dije. 'Yar ruga ce daga wajen Taura, a tasha na fara ganinta da ƙwaryar nono a ka, yau shekara arba'in da huɗu ke nan. Siririya ce kamar sillen kara, kuma tafiyar da ta yi da ƙafa a duniya ta fi wadda na yi da mota. Tana ce mini Malam, ina ce mata 'Yar Fillo, yara na ce mata Inna.

Ran wata Talata da hantsi ta miƙo mini kofin koko. Na sa hannu, kofin ya wuce ta tsakanin yatsuna ya kife a tabarma. Na buɗe baki zan ce ita ce ba ta iya miƙo abu ba, sai na ji harshena ya zama kamar na aro. Ta kalle ni kallo ɗaya, ta ƙwalla wa Nasiru kira, ɗanmu na biyu da ke zaune tare da mu shi da matarsa.

"Nemo adaidaita! Bakin babanka ya karkace!"

Suka cusa ni ciki kamar buhun gero. A asibiti akwai layin kati, akwai layin ganin likita, akwai layin biyan kuɗi, akwai kuma wani layin da har yau ban san na mene ne ba, amma Nasiru ya bi shi. Sai dai in faɗi gaskiya, wata nas tana ganin bakina ta tsallake da ni gaban kowa, Allah ya saka mata. Gado ne bai samu ba sai bayan la'asar. Aka yi hoton kai, aka yi gwajin jini, aka rubuto magunguna a takarda mai tsawon carbi. Ba zan tsaya lissafi ba, ku dai sani ragon da Dije ke kiwo don layya bai ga Sallah a gidanmu ba.

Likita ya ce wata 'yar hanyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ya shanye mini ɓarin hagu. Na ce a raina, gosulo ke nan. Kwana goma sha biyu na yi a kwance, tabarmar Dije tana gindin gadona.

A mako na biyu aka kawo mini likitar gashi, irin masu motsa wa mutum gaɓoɓi. Yarinya ce sa'ar autata, da hijabi da tabarau, hannunta kuwa kamar na makaniki. Ta lanƙwasa mini ƙafa na yi salati da ƙarfi. Ta ce wata magana da ta zauna mini a kai har yau:

"Baba, ƙafar nan ba mutuwa ta yi ba, mantuwa ta yi. Kullum sai ka tuna mata aikinta. In ka ƙyale ta, ita ma za ta ƙyale ka."

Ta ba ni aikin gida. In zuba wake a kwano in riƙa kwashe shi ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu zuwa wani kwanon. In tashi in zauna sau goma. In taka daga ɗaki zuwa zaure safe da yamma, da mai riƙe ni. Sannan ta juya ga Dije da Nasiru ta ce, "Don Allah kada ku yi masa abin da zai iya yi wa kansa." Duka muka ce to.

Muka dawo gida a ƙarshen mako na biyu, aka buɗe babin dubiya. Jama'a, ban san ina da masoya haka ba. Daga Jahun mota guda, daga Taura dangin Dije da ƙoren nono, tsofaffin direbobi, mutanen masallaci, har wani da muka shekara goma ba ma ga maciji. Kowa ya durƙusa a bakin gado: sannu Malam, ya jiki, Allah ya sa kaffara ne. Lemo da ayaba da kankana suka taru har suna neman wurin zama.

To ga inda wautar take, ku saurara da kyau. Na zauna na yi tunani irin na manya, na ce: mutum ya bar gonarsa, ya hau motar haya tun daga Jahun, ya sha rana don ya duba marar lafiya, sannan ya shigo ya tarar da marar lafiyan a tsakar gida yana tashi yana zama kamar ɗan makarantar da aka sa kamun kunne? Ai an ci amanarsa. Haƙƙin mai dubiya ne ya sami majinyaci a kwance. Saboda haka da na ji sallama sai in ja bargo in rage murya. Tun da sallama ba ta yankewa, ni ma ban yanke kwanciya ba.

Yayana Hamza, wanda shi ne babba a gidanmu na Jahun, ya zo ya tarar Dije ta ajiye mini kwanon wake.

"Wannan fa?"

"Likita ce ta ce ya riƙa tsinta, Yaya."

"Tsinta? Ado da girmansa a zaunar da shi yana tsintar wake kamar kaza? Wannan ciwo shafar iska ce, mun san shi tun kafin a haifi likitar. Ba a fita da mai shi, ba a wahalar da shi. A shafa masa man shanu, a yi masa hayaƙi, a bar bawan Allah ya huta."

Tun da nake da Yaya Hamza ban taɓa jin ina ƙaunarsa kamar ranar ba.

'Ya'yana kuma suka shiga gasar neman albarka a jikina. Hauwa, 'yarmu da ke aure a Taura, ta zo ta tare, ita ke ba ni abinci a baki. Nasiru ya ɗauke ni cak ya kai ni bayi. Matarsa ta kawo buta har gado. Hula ma sa mini ake yi. In ƙuda ya sauka a hancina mutum biyu ke tashi. Dije kaɗai ke kawo zancen likita, su kuma su ce, "Haba Inna, ki tausaya masa mana." In ta kawo waken sai in rufe ido in yi minshari. Daga ƙarshe waken nan da shinkafa aka dafa shi, 'yan dubiya suka cinye maganina.

Mako na shida muka koma asibiti. Muna kan benci a layin gashi sai ga wani tsoho da muka yi maƙwabtakar gado, wanda ya fi ni jin jiki nesa ba kusa ba, ya shigo da ƙafarsa yana dogara sanda. Ni kuwa a keken marasa lafiya aka turo ni. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wane malami ne ya yi maka aiki?"

Ya ce, "Awakina. In ban tashi na ba su ruwa ba, ba mai ba su."

Da layi ya zo kaina likitar ta kama hannuna. Yatsun sun fara dunƙulewa, da ƙyar ta buɗe su. Ta ce, "Baba, kana yin abin da na ce?" Na ce ina taɓawa daidai gwargwado. Ta dubi Dije. Dije ta dubi ƙasa, don ba za ta yi ƙarya ba, ba kuma za ta tona mini asiri ba. Likitar ta cire tabarau ta ce watannin farko su ne masu albarka, kuma na riga na zubar da ɗaya da rabi. In jiki ya sandare a haka, to mu fara neman keke namu na kanmu, don a cikinsa zan ƙare.

Da ina da hankali da ranar na farka. Amma maimakon in tashi sai na karaya. Dubiya kuma tana da ranar ƙarewa, ba wanda ya gaya mini. Sallama ta ragu, ta koma ta Juma'a, ta ɗauke. Hauwa ta koma ɗakinta, dole. Nasiru ya koma shagonsa a kasuwa, ya fita da safe sai magariba. Matarsa ga goyo ga girki. Aka bar ni da rufin ɗaki ina ƙirga azara.

A zamaninmu ba mu san akwai ciwo wai shi damuwa ba, cewa ake yi mutum ya cika tunani. To na gan shi da idona. Rediyon da ba na rabuwa da shi na ce a kashe. Abinci ya koma kamar dusa. In juya fuska bango tun safe har azahar. Hawaye su zubo ba wanda ya taɓa ni. In yi wa jikokina tsawa don sun yi dariya a tsakar gida. Na kira Nasiru na gaya masa inda takardun gida suke, yaron ya fita yana share ido. Abokan majalisa suka zo na ce a ce ina barci, wannan karon ba don wasa ba, don ba na son su ga abin da na zama.

Duk nauyina sai ya koma kan Dije. Ita ke ɗaga ni, ni da na ninka ta biyu. Ta sa kafaɗarta a hammatata, ta ce bismillah, mu tafi muna tangaɗi. Ita ke yi mini wanka. Wanda ya san aikin da hannun hagu ke yi wa Musulmi ya san sauran, ba sai na faɗa ba. Ko sau ɗaya ban ga ta yamutsa fuska ba. Tana yi tana ba ni labarin kazar maƙwabta da ta ƙi kwanci, ko tsadar tumatir, don kawai kada in sami sararin jin kunya.

A mako na tara, wata rana da hantsi, ta zo ɗaga ni. Mun kai rabi sai na ji ta ce "wash" a hankali, muka zube tare a kan tabarma. Ta yi dariya ta ce, "Malam, yau ka kayar da ni, saura a ba ka kambu." Ta kira matar Nasiru suka mayar da ni gado, ta fita kamar ba komai.

Da azahar iska ta ɗaga labulen ƙofa, na hango ta a rumfa tana salla. A zaune take yi. Matar da ko da tsohon ciki ban taɓa ganin ta yi salla a zaune ba. Da ta sallame ta dafa bango ta miƙe a hankali, tana cije leɓe, na ga ta ɗaure ƙugunta tam da tsohon ɗankwali. Ta tsaya ta gyara fuska, sannan ta ɗauko mini kunu ta shigo tana murmushi.

Na ce, "Dije." Rabon da in kira sunanta haka har na manta. "Na gani. Ki yafe mini. A kira Hauwa ta dawo, ko a nemo wani ya riƙa ɗaga ni. Zan karya ki."

Ta ajiye kunun, ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Malam, ka san bazara a ruga? In ciyawa ta ƙare, saniya ta rame, wata rana sai ta kwanta ta kasa tashi. Baffana ba ya barin ta ta wuni a ƙasa. Tun da sassafe zai tara maza, a zura mata sanduna ta ƙarƙashin ciki, wani ya kama wutsiya, a ɗaga ta a tsayar. Tana nishi, tana harbi, ba ruwansu. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ruwa ya sauka. Wadda aka tausaya wa aka kai mata dusa inda take kwance, ita ce mahauta ke zuwa dubawa."

Na ce, "Yanzu ni ne saniyar?"

"A'a, saniya tana ƙoƙari." Ta goge mini fuska da bakin zanenta. "Na biye wa yara, na biye wa Yaya, na biye maka, don ina jin kunyar a ce ba na tausayinka. Saniyar da ta kwanta ba a yi mata sannu. Daga gobe an daina sannu a gidan nan."

Na ɗauka zance ne. Washegari buta ta koma bakin ƙofa. Abinci aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, wai ɗaki ya yi zafi. Rediyona ta ɗora shi a kan taga ta can nesa, ta murɗo tashar da ba ta kamawa, ta ƙure murya, yana ta shuuu kamar ana soya ƙosai, ta fice ta bar ni da shi. Na yi kira, na yi faɗa, na yi barazanar kai ƙara Jahun. Da abin ya ishe ni na dafa gado, na dafa bango, na ja jiki na je na kashe shi. Taku bakwai ne, na ƙirga. Ina juyowa na gan ta a bayan labule, hannuwanta a miƙe, ashe tana nan tun farko.

Nasiru ya dawo ya ji labari ya ce, "Inna, wannan ai azabtarwa ce. Me mutane za su ce?"

Ta ce, "Kai ka haife shi ko kai ka aure shi? In kana son albarka, ka tsaya ta hagunsa kowace safiya kafin ka tafi kasuwa. Ka tsaya kawai, kada ka ɗauka."

Sabon wake ya dawo, wannan karon an hana dafa shi. Ranar farko ƙwaya biyar na kwashe, gumi har gemu. Tashi da zama kuwa, a na huɗu sai in ga taurari da rana tsaka. In wani ya yi sallama in kai hannu ga bargo, sai in ji muryarta daga zaure: "Ku shigo, yana aiki, ku taya shi ƙirge." Malam Inuwa ladan ya zauna yana ƙirga mini tashi da zama da carbinsa, yana ƙara mini biyu na sata.

Abin da ban zata ba shi ne zuciya. Ranar da na kai zaure na dawo, na yi barcin da rabona da shi tun asibiti, na tashi ina jin yunwa ta gaske. Bayan mako biyu na kama kaina ina tsokanar jikata. Nauyin da ke ƙirjina bai tafi rana ɗaya ba, amma na lura duk ranar da na yi gumi yana ja da baya, duk ranar da na ƙi yana matsowa.

A wata na uku likita ta ce in fara fita waje da sanda. Nan na haɗu da wata sabuwar matsala, wato tarbiyyar mutanen Dutse. Ba ɗan halak da zai ga tsoho yana jan ƙafa a titi ya wuce shi. Ban yi taku ashirin ba ɗan acaɓa ya ci birki: "Baba, hau in ƙarasa da kai, ba sai ka biya ba." Na ce a'a. Na biyu ya tsaya, na ce a'a. Na uku ya tsaya, ga rana, ga gwiwa tana rawa. Jama'a, na hau. Ya zaga da ni har shatale-tale, na sha iska, ya sauke ni a bayan layi. Na shiga gida ina haki na ƙarya, na ce na kai bakin titi na dawo.

Dije ba ta dubi fuskata ba, takalmina ta duba. Ta ce, "Ikon Allah. Ƙafar da ke share ƙasa ta je bakin titi ta dawo ba ƙura."

Washegari bayan sallar asuba, gari ya yi haske, na ga ta yafa mayafi. Na ce ina zuwa? Ta ce inda za ni. Na ce, "'Yar Fillo, a garin nan kin taɓa ganin tsoho da tsohuwa suna yawo a titi kamar sababbin aure?" Ta ce yau za a gani.

Aka kuwa gani. Labari ya kai Jahun kafin mu kai kwana uku. Yaya Hamza ya bugo waya: "Ado, an ce an ga matarka tana kora ka a titi kamar maraƙi!" Na ce masa ba kora ba ce, rakiya ce, kuma a bayana take tafiya kamar yadda aka san mace mai ladabi. Gaskiya ne, taku uku take bari tsakaninmu. Masu wucewa suna yaba tarbiyya, ba su san ƙafata take kallo ba. Sai dai in ji daga baya a hankali, "Ɗaga ta, Malam, ba tsintsiya ba ce." In ɗan acaɓa ya rage gudu ta ɗaga masa hannu: "Allah ya yi albarka, ɗana, wuce. Magani yake sha."

Da falwayar wuta muke awo. Makon farko ta biyu, mu juyo. Sannan ta huɗu. Mai ƙosan da ke gindin ta shida ta riƙa yi mini kirari tun ina nesa, ranar da na iso wurinta ta ba ni guda uku ta ce ladan gasa ne, Dije ta karɓe biyu saboda mai. A tafiyar nan ne na ga duwatsun garinmu da safe, yadda rana ke fara taɓa kansu, da dabinai a gindinsu. Shekara nawa ina wuce su da mota ban taɓa ɗaga kai ba.

Kada ku ɗauka na zama jarumi. Na kawo uzurin sanyi, na kawo na hadari, na kawo na gwiwa, wata rana na ce na yi mummunan mafarki da titi. Ba ta gardama da ni. Cewa take yi, "To mu je falwaya ta farko kawai mu dawo." In mun je ta farko kuma, ga mutane sun fara gaisuwa, ina mutum zai juya? Wannan dabarar da ita aka yi ta cin nasara a kaina, kuma har yau ina faɗawa.

A wata na shida na taka zuwa masallaci. Na shiga sahu a tsaye. Da aka yi sujada goshina ya taɓa ƙasa, na ji kamar na dawo daga doguwar tafiya. Wurin tashi na makara, na kusa da ni ya kawo hannu, na dafa gwiwata na miƙe kafin ya kama. Da na koma gida na gaya wa Dije, sai ta shige madafa. Na leƙa na ga tana share ido, ta ce hayaƙi ne. Ko wuta ba a hura ba.

Ga inda muke yanzu. Ina tafiya ba sanda, sai in hanya ta yi nisa. Yatsu biyu na hagu har yau suna yajin aiki. Mashin na bar wa Nasiru. Ƙwayoyina ina sha kullum, ko kai ya sara ko bai sara ba. Ƙugun Dije kuwa, likitar gashi ta duba shi, ta ba ta nata aikin, ya yi sauƙi, amma in sanyi ya sauka ina ganin yadda take tashi, kuma na san wanda ya jawo.

Shawarata ga tsofaffi: ku taka ƙasa tun kuna zaɓa, kafin a rubuta muku a takarda. A ce kai ya taɓu ya fi a ce ɓari ya shanye. Masu dubiya, Allah ya ba ku lada, amma in kun tarar da majinyaci a tsaye ku yi murna, ba a cuce ku ba. 'Ya'ya, wani taimakon cuta ne. Mutanen asibiti, mun gode ƙwarai, amma a ƙara benci a layin gashi, masu zuwa wurin ba tsayuwa suka iya ba.

Makon jiya da safe na zauna a rumfa da kofin shayi a hannun hagu, don a gani. Dije ta fito da mayafinta, ta ajiye mini takalmi. Na gyara murya irin ta shugaban taro, na ce, "'Yar Fillo, zauna, akwai sanarwa. Na warke, alhamdu lillahi. Daga yau an rage tafiya, ta koma ranar Juma'a kawai. Ke ma ki huta, kin yi jinyar da ba wadda ta taɓa yi. Faɗi abin da kike so, atamfa ko 'yan kunne, a yi miki."

Ta tsaya tana kallona, hannu ɗaya a ƙugu. Sannan ta ce:

"Kai a zatonka don kai nake fitar da kai? Ni ma tsufa nake yi, Malam. Ranar da tawa ta zo ba na son hannun kowa a jikina sai naka. Da ƙarfin Juma'a za ka ɗaga ni? Sa takalminka."